Kawuna Mai Binne Tumatir

Kwana ukun nan na zaman makoki sun yi mini wuya. Gwiwoyina sun yi tsami da zaman tabarma, abinci bai shiga ba, amma duk wannan mai sauƙi ne a kan bakin mutane. Allah ne ya ba mu Kawu, shi ya karɓi abinsa ranar Lahadi da hantsi, ban ja da wannan ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum ya cire takalmi, ya durƙusa, ya shafa fatiha, sannan ya ɗago kai ya ce, "Allah ya jiƙansa, mu dai mun yafe masa." Na farko ya faɗa. Na biyu ya faɗa. Kafin la'asar na daina ƙirgawa. Me ya yi muku da za ku yafe?

Wani ya ce mutum ne mai wuyar sha'ani. Wani ya tuno ranar da maƙwabcin Kawu ya sauke kwandon tumatir kusa da nasa a kasuwar Guci, Kawu ya leƙa ciki ya ce masa, "Matsa da majinyatanka can, kar su shafa wa nawa." Aka yi dariya a cikin rawani. Na ji wani daga baya yana cewa, "Mai binne tumatir, yau shi aka binne." Na san muryar. Ban waiga ba.

Rana ta biyu dillalin da ke kwasar kayan kwarinmu zuwa Damagaram ya zo, babbar riga, turare ya cika rumfa. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Ni na fi kowa shan wahalar marigayi. Akwai shekarar da ya ɗora mini kaya suka isa Damagaram duk sun yi gashi, ko akuya ta ƙi. Amma wallahi na yafe, duniya da lahira." Na riƙe bakin tabarma har kaba ta shige mini farce. Zan zo kan maganar kayan nan.

Waɗanda suka yi kukan gaskiya mata ne, masu kasa kayan miya a kasuwar Dungas. Su uku suka zo a kan kabu-kabu biyu, suka shige cikin gida. Da za su tafi ɗaya ta tsaya a gaban rumfar maza, idonta ja, ta ce da ni, "Kai ne na garkar ko? To yanzu wa zai ba mu tumatirin da zai kwana biyar a ƙarƙashin gado bai zube ba?"

Wani ya ce, "Ashe tumatir take yi wa kuka."

Ta juyo ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, "Kai in ka mutu me za a yi wa kuka?"

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kafin a gama mai da shi abin dariya, gara wanda ya yi shekara goma sha takwas yana aiki a bayansa ya faɗi abin da ya gani.

Kawu wan mahaifiyata ne. Garkarsa tana cikin kwari, gabas da Guci, inda ruwa ba ya da nisa. Na je wajensa na haura shekara talatin, da mata da ƴaƴa biyu, na dawo daga ci-rani hannu wayam. Tsohuwata ta ce, "Je ka wajen Yaya, ba zai yi maka daɗi ba amma za ka ci abinci." Duka biyun ta faɗi gaskiya.

Ranar farko na yi sammako don ya ga ni ba rago ba ne. Kafin ya iso na cika rabin kwando. Ya zo ya tsaya, ya dubi kwandon, ya dube ni.

"Wa ya aike ka?"

"Kawu, ai gara a tsinka da sanyi."

"Taɓa ganyen nan."

Na taɓa, hannuna ya jiƙe.

"Duk wanda ka tsinka da raɓa a jikinsa ka rage masa kwana. Zauna mu jira rana. Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya jujjuya yatsuna, ya zaro reza daga aljihu ya ba ni. "Da waɗannan faratan kazar za ka taɓa mini kaya?" Ni da ƴaƴa biyu ana duba mini farce kamar ɗan lakwal a gaban malamin aji. Na so in tashi in tafi. Yunwa ce ta zaunar da ni. Daga baya na ga haka yake yi wa kowa. Matan da ke zuwa tsinka sai sun jera hannu ya duba, mai dogon farce ko ta yanke ko ta koma gida, ko da matar mai gari ce.

Shi a wajensa tumatir ba ya ruɓewa haka kawai. Wani abu ne ke shigarsa, kuma sai ta ƙofa yake shiga: tsagewa, ko ƙarzanar farce, ko hujin da tsinken kan wani ya yi masa a cikin kwando, ko matsewa. Ya raɗa wa kowace ruɓa suna. Wadda ke fitar da farin gashi kamar auduga, ita ce mai gemu. Wadda ke yin baƙin tabo mai lotsawa kusa da kai, baƙin ido. Wadda ke mai da tumatir ruwa zalla a cikin fata, ka taɓa ya fashe da tsami, salka. Yakan ɗauki guda, ja sumul, ni ban ga komai a jikinsa ba, ya shinshina, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Wannan ya riga ya mutu, bai sani ba ne." Ka ajiye shi gefe, kwana biyu ka ga gemu ya fito.

Zaɓe a ƙarƙashin rumfa muke yi, ba a rana ba. Wanda ya fara canza launi bai ja ba tukuna, na doguwar hanya ne. Ja mai tauri na Guci da Dungas. Wanda ya tsage amma cikinsa lafiya, ranar nan za a yanka shi a shanya kauɗa a kan tabarma, bisa katako, ba a ƙasa ba inda kowa ke shanya tasa kaji na bi. Sauran, duk mai gemu ko baƙin ido ko salka, rami. Ya haƙa rami a can ƙarshen shinge, nesa da rijiya, kullum da yamma a zuba, a bi da toka, a bi da ƙasa. Kowa a kwarin nan ko dai ya watsa ruɓaɓɓen nasa a hanyar ruwa, ko ya tara a gindin shinge, ko ya sayar wa masu abincin sayarwa su markaɗa. Shi kaɗai ke binnewa. Daga nan sunan ya fito.

Sai kwanduna. Dillalai suna da nasu da ke yawo daga garka zuwa garka, su je birni su dawo, cikinsu baƙi ƙirin da busasshen ruwan kayan wani. Kawu bai yarda ko ɗaya ya ƙetare shingensa ba. Namu guda goma sha huɗu ne, in sun dawo sai an dirje su da toka da sabulu, a kife a rana kwana biyu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ba a cika su su yi tozo, don in an ɗora wani a kai na saman ne zai matse. Kuma ba a yayyafa ruwa.

Wannan na ruwan shi ya fi haɗa shi faɗa da mutane. Mu nan haka muka tashi muka gani: in ka cika kwando sai ka ɗebo ruwa ka yayyafa, ka rufe da ɗanyar ciyawa, kaya ya yi ta ƙyalli, mai saye ya ga kamar yanzu aka tsinko. Ubana ya yi, kakana ya yi, ba wanda ya ɗauke shi ha'inci, kwalliya ce. Kawu in ya ga ana yi sai ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Sannunku da aiki. A yi wa gemu ban-ruwa da kyau, ya fito ya yi tsawo."

Wata shekara mutanen puroje, masu shirin tallafa wa manoma, suka zo suka tara mu a gindin tsamiya. Malamin gonarsu ya nuna hotuna, ya faɗi wani dogon suna da Faransanci, sannan ya ce fumfuna ce, tana da iri ƙanana da ido ba ya gani, iska na ɗaukarsa, yana kwana a tsohon kwando da tarin ruɓa, danshi ne ke tashe shi. Mutane sai gyaɗa kai suke, suna kiransa Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, "Haka ne, Mushe, gaskiya ne, Mushe." Kawu ya miƙe da sandarsa ya ce, "Mushe, don Allah maimaita musu, kai da ka zo a mota. Ni da na zo da ƙafa shekara da shekaru ina faɗa, mahaukaci suke ce mini." Da aka watse ya tsare mutumin nan sai da ya gwada masa yawan jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, da ake ɗigawa a bokitin ruwa in za a wanke kwando, ya sa ya maimaita sau uku. An raba mana akwatunan roba masu huji a ranar. Zuwa baɗi na ga kaza tana kwanci a cikin na maƙwabcinmu.

Faɗan da ya fi daɗewa shi ne nasa da tsohuwata. Ta je garka wata rana ta same shi zai juye kwarya guda a rami, ta riƙe bakin kwaryar.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Abinci ne fa. Ka ba ni in yanke wajen in yi miya."

"Sake mini kwarya."

"Wuta ba ta barin komai. Iyayenmu da me suka yi miya?"

Ya ɗauki guda ya tsaga da wuƙa ya miƙa mata. Tabon a waje bai fi ƙwayar wake ba, ciki kuwa ya yi baƙi har tsakiya. Ya ce, "Wajen da za ki yanke ke nan. Nuna mini inda za ki bari."

Ta ce almubazzari ne, tun suna yara ma haka yake, shi ya fi kowa sani. Ya ce ita kuma tun tana yarinya ba abin da ba ta kai wa baki. Ya juye kwaryar tana kallo. Wata huɗu ba ta gaishe shi ba. Duk ranar tsinka sai ya zaɓi masu kyau ya cika ƙaramar kwarya ya ba ni in kai mata, ita kuma ta ce in mayar, ba ta cin na masu rowa. In na mayar ya ce, "To kai wa matarka," mako mai zuwa ya sake cikawa. Ranar da ta karɓa ba ta ce komai ba sai, "Ka ce masa sun yi ƙanana."

Yanzu maganar kayan Damagaram. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kawu ya tafi Magarya a yi masa aikin yanar ido, ya bar mini garka kwana shida, kaya kuwa ya nuna jajir. Dillalin nan ya zo da yamma ya zauna a rumfarmu. Ya ce kamiyo, babbar motar kaya, zai tashi da sassafe, in na tsaya jiran rana ya wuce ni. Ya ce kwandunansa suna nan birjik, me zan yi da sha huɗu. Ya ce masu ɗan tabo a sa su a tsakiya, kowa haka yake yi, kafin su nuna hali an sayar. Ya ce tsohon nan yana zubar da rabin guminka a rami kana kallo. Wannan ta ƙarshen ita ta shige ni, don na daɗe ina faɗa wa kaina ita.

Na tsinka da raɓa. Na cusa masu tabo a tsakiya. Na yi wa kwanduna tozo, na yayyafa ruwa, na rufe da ɗanyar ciyawa. Da hannuna na yi, ba wanda ya ɗaure ni. Kamiyo ya lalace a hanya ya kwana biyu a rana. Da aka buɗe a Damagaram, an ce ruwa ke bin ƙasan mota, gemu ya haɗe kwando da kwando. Dillali ya bi kasuwa yana cewa kayan Mai binne tumatir ne, ga ƙarshen tsabta. Labari ya riga Kawu dawowa gida.

Ya dawo da auduga manne a ido ɗaya. Na je na durƙusa. Ya daɗe yana kallona da ɗayan idon. Ya ce, "Ka yayyafa?"

Na ce, "Na yayyafa."

"Ka sa a tsakiya?"

"Na sa."

"To. Gobe akwai ban-ruwa, kar ka makara."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na so ya zage ni, ya ɗaga sanda, ya kore ni. Ranar kasuwar Dungas ya sa na ɗauke shi a moto, wato babur, ya tsaya a gaban matan nan masu kasa kayan miya da ƴan kallo, ya ce, "Abin da kuka ji gaskiya ne. Daga garkata ya fita, laifina ne." Ina tsaye a bayansa riƙe da moto. Ban ce uffan ba. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, me ya sa?" Ya ce, "Ni na tsufa, sunana zai ɗauka. Kai in aka sa maka wannan yanzu, da me za ka ciyar da yaran nan? Kalli hanya, za ka zuba mu a rami." Sai da aka yi rani biyu kafin mata su koma karɓar kwandonsa ba tare da sun tona ƙasa ba. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ni ma na ja bakina, shekara ta bi shekara, har shirun ya zame mini riga.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, kwana huɗu kawai. Ranar Asabar na je duba shi, numfashi na yi masa wuya, na sunkuya ina zaton wasiyya zai yi. Ya ce, "Ka bar ban-ruwa haka, za su tsage. Kuma ka aske wannan gemun, kana kama da kayan Alhaji dillali." Ya yi dariya tari ya sarƙe shi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yalwata maka inda kake kwance, ya sanyaya shi, ya rufa maka asiri a can kamar yadda ka rufa mini a nan. Kai ba ka cuci cikin kowa ba.

Ranar Talata aka yi addu'ar uku. An raba gumba, mutane sun fara miƙewa, sai babban ɗan Kawu ya ɗago mini hannu. Taubashina ne, sa'ana, yana aiki a wani biro, wato ofis, a Magarya. Tun muna yara ɗan mace yake ce mini, ni kuma tun da ya fara sa takalmi sau-ciki nake ce masa Mushe. Dillali na zaune kusa da shi.

"Kai ɗan mace, zo ubangidanka na kira."

"Ga ni, Mushe. Yau ba a rubuta takarda ba?"

"Mun gama magana da Alhaji. Zai ɗauke abin da ke garkar gaba ɗaya. Gobe da asuba masu tsinka za su shiga, kafin hantsi kamiyo ya tashi. An ma sauke kwanduna a bakin shinge."

"Kwandunan wa?"

"Na Alhaji mana. Na gwamna kake so?"

"An wanke su?"

Dillali ya kwashe da dariya ya tafa hannu. "Ashe tsohon bai tafi duka ba, ya bar mana reshe."

Taubashina ya sassauta murya. Ya ce, "Ka duba. Jibi dole ina biro. Inna tana takaba, ƙannena ba wanda ya san hanyar garkar. Kwana uku ba a tsinki ko ɗaya ba, kaya na nuna yana faɗuwa. In bar shi ya ruɓe a tsaye don a ce mun bi halin Baba?"

Bai yi ƙarya ba, ni ma abin ya hana ni sukuni. Na ce, "Ba ni mako guda. In fitar da shi kashi-kashi yadda ya saba, duk abin da ya fito naku ne, ban son ko tumatir ɗaya. Shukarsa ta ƙarshe ce. Duk inda kwandon nan ya sauka za a ce na wane ne, na ƙarshe. Kar ya isa da gemu."

Dillali ya ce, "Yadda ya saba? Ai mun ga yadda ya saba, shekarar da—"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Alhaji, kai ka san wanda ya cika kwandunan nan. Kana tsaye a wajen. Kai ka miƙo mini bokitin." Na juya wajen mutanen da suka rage, na ɗaga murya yadda na cikin gida ma za su ji. Na ce Kawu yana Magarya ido a ɗaure ranar da aka ɗora kayan nan. Ni na tsinka da raɓa, ni na ɓoye masu tabo, ni na yayyafa. Shi ya ɗauka a kansa ya mutu da shi. Na ce duk wanda ya zo nan da yafiya ya naɗe abarsa ya koma da ita gida, marigayi ba ya bukata, mu ne ke bukatar tasa, ni ne kuma na farko a layi.

Liman ya ce a yi haƙuri, gidan rasuwa ne. Dillali ya kaɗe rigarsa ya ce tsohuwar magana ce, shi ba ya tone-tone, kamiyo dai da asuba. Ya tafi.

Taubashina bai motsa ba. Ya ce, "Shekara nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Shekara goma sha ɗaya ana yi wa ubana dariya kana zaune kana cin tuwonsa. Sai yau da ba ya ji ka sami baki. To ba ka da ta cewa. Garka gado ce, kai kuwa ɗan mace ne."

Wannan karon ba wasa a ciki. Kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Na ce, "Ban nemi taki ɗaya na ƙasarku ba." Ya tashi ya shige gida.

Kafin magariba na shiga gaida tsohuwata a ɗakin da mata ke zaune. Ta ji komai ta bayan zana. Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Ka yi abin kunya sau biyu, da ka yi da kuma da ka ɓoye." Na ce haka ne. Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ce, "Da Yaya ne, da bai tsaya surutu a rumfa ba."

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaura wa shanuna amalanke na gangara kwari. Kwandunan suna nan jibge a bakin shinge, sun fi arba'in. Tun kafin in isa warinsu ya tare ni. Na ɗaga ɗaya, ƙasansa da danshi, ɓawon tumatirin wani manne a jikin saƙar ya yi furfura. Na loda su duka, na ɗaure da igiya, na kama hanyar Guci.

A kan jar hanya na haɗu da kamiyo yana tahowa. Direba ya rage gudu ya leƙo.

"Malam, ina za ka da kwandunanmu?"

"Gidansu."

Na wuce. Na sauke su a ƙofar rumfar dillali, na jera su tsaf, ban fasa ko ɗaya ba, na sa mai shayin da ke wajen ya zama shaida. Na tsaya a famfo na wanke hannuna da cikin amalanken.

Da na dawo rana ta ɗaga. Kamiyo na tsaye a bakin kwari, mata masu tsinka suna zaune a gindin shinge ba abin zubawa, taubashina na kai da kawowa, salula na ta kuka a aljihunsa.

"Da izinin wa?"

"Ba na kowa."

"Ka san za su iya komawa su ɗauko?"

"Na sani. Hanya ba tawa ba ce. Kafin su je su dawo dai ganye ya bushe."

"Zan iya kai ka jandarma a kan wannan."

"Ka fi ni sanin ƙofarsu, Mushe. Ka ce musu ina jere na uku daga rijiya."

Na buɗe shinge, na je rumfa na sauko da namu goma sha huɗu daga inda suke kife, na shimfiɗa musu ciyawa. Yana ta kirana, ban juya ba. Na shafa ganye, hannuna ya fito a bushe. Na sunkuya na fara. Can na ji taku a bayana, wata tsohuwa ce daga cikin masu tsinka ta ɗauko kwando ta biyo ni. Na ce mata ta ɗebi jajayen a hankali, ta bar masu ruwan ɗorawa sai jibi.